Ki Tafi da Mashin Ɗin, Masi

Lokuwa, Mubi

Zuwa ga 'yata Masi,

Gaisuwa mai yawa daga ni babanki. Ina roƙon Ubangiji ya riƙe ki a hanyar da za ki kama gobe, ya sauke ki garin Uba lafiya, ya sa ki tarar da Anti Kwanye da mutanen gidanta cikin ƙoshin lafiya. Na san za ki yi mamakin samun wasiƙa daga mutumin da ƙofar ɗakinsa ke kallon taki. Dalili shi ne kwana tara ke nan kina gaishe ni kanki a sunkuye, kuma ni da ke mun san in ba ki kalli bakina ba, duk abin da na faɗa bango na faɗa wa. Ki yi haƙuri da rubutun, hannun ya fi sabawa da sifana.

Maganar mashin ɗin mamanki ce. Kin roƙe ni ki tafi da shi, saboda ƙaramin asibitin da ya ɗauke ki aikin gwajin jini yana can bayan Uba a kan jar hanya, mota kuma ba ta shiga sai ranar kasuwa. Na ce a'a. Na ce wanda kunnensa ba ya ji ba ya hawa mashin mai bel. Kika ce to za ki riƙa takawa da ƙafa. Na san halinki sarai, za ki taka ɗin, rani da damina, kuma ba za ki sake buɗe baki ki roƙe ni komai ba. Kafin in faɗa miki abin da na yanke, bari in ba ki labarin wautar da na tafka a kan bel, don ki san irin gwanin da ya hana ki.

Shekarar da na bar garejin Malam Buba a Nassarawo na kafa rumfata a nan Lokuwa, ina ji da kaina ba kaɗan ba. Malam Buba shi ne ya koya mini aiki tun na sauko daga duwatsunmu na Michika ban san bambancin sifana goma da sha biyu ba. A lokacin ne ƙananan mashinan nan na mata, masu tafiya da bel maimakon sarƙa, suka fara yawa a gari. Wata ungozoma, Malama Saratu, ta kawo mini nata. Ta ce duk sanda ta murɗa totur za ta tashi, sai ya tsala wani siririn kuka kamar an taka wutsiyar ɗan kwikwiyo. Ni kuwa na saba ganin direbobi a tasha, in fanbel ɗin mota ya fara kuka sai su goga masa sabulu ya yi tsit. Na kwance murfin, ban ko duƙa na duba ba, na ɗauko guntun sabulun da muke wanke hannu na goga a gefen bel ɗin. Kukan ya ɗauke. Ta yi ta sa mini albarka, ni kuma ina ta hura hanci.

Bayan kwana uku aka kira ta wajen wata mai naƙuda a wani ƙauye a kan tudu. A tsakiyar hawan, bel ɗin ya yi ta sulɓi, ya ɗauki zafi, ya tsinke. Ta bar mashin ɗin a wurin wani manomi, ta ɗora jakarta a ka, ta ƙarasa da ƙafa cikin ranar azahar. Allah ya rufa mini asiri ta isa a kan lokaci, uwa da jariri suka rayu.

Ba ta zo ta zage ni ba, wurin Malam Buba ta je. Shi ya zo da kansa ya ce in rufe rumfa, muka hau mota har gindin tudun, muka taka zuwa inda mashin yake. Ya kwance murfin, ya shinshina, ya kalle ni. Sannan ya lanƙwasa guntun bel ɗin ya nuna mini tsagar da ke tsakanin haƙoransa, tun daga farko har ƙarshe, wadda ko makaho ya shafa zai ji. Ya ce, “Tumba, wannan mata ya kawo maka abu yana kuka, kai ka toshe masa baki. Kukan ne ya dame ka, ko ciwon?” Ya sa na tura mashin ɗin har bakin kwalta, shi yana biye da ni a baya hannu a aljihu. A ranar na ji haushinsa ƙwarai. Yau kuwa ba na wuce ƙofar gidansu a Nassarawo ban yi masa addu'a ba, don da ya rufe maganar, da na ci gaba da goga sabulu har sai na kashe wani.

To ki riƙe wannan. Bel ba ya son sabulu, ba ya son baƙin mai, ba ya son giris, ko wa ya ce miki ya gwada ya yi aiki. A bushe yake aiki. In yana sulɓi lokacin tashi, ko dai ya sirance don tsufa, ko gefensa ya goge ya yi santsi yana ƙyalli, ko mai ya taɓa shi. Ba a gane wanne ne sai an buɗe. Ki kashe injin, ki zare makulli ki sa a aljihu, ki bari ya huce, sannan ki kwance murfin. Kada ki taɓa kai yatsa ciki injin yana aiki, ko da wasa. Kin ga ɗan yatsana na hagu, ba sai na yi dogon bayani ba.

Wauta ta biyu a kan wannan mashin ɗin na mamanki na yi ta, kina 'yar shekara goma sha biyu. A damina ɗaya na sa masa bel uku. Kowanne sai ya yi 'yan makonni ya fara karkarwa, ya lalace. Na farko na ce jabu ne. Na biyu na je shagon mai sayar da kayan gyara a kasuwa na yi masa tas a gaban mutane. Da na uku ya mutu sai na juyo kan mamanki, na ce ita ce ke labta masa buhun gyaɗa daga gona, kuma tana kutsa shi cikin mayo, wato rafi, kamar jirgin ruwa ne. Kin san mamanki, ba ta jefar da komai. Ashe duk bel ɗin da na cire na yar, tana ɗauka ta rataye a ƙusa a kicin, wai za ta ɗaure itace da su. Ranar da na ɗora mata laifi sai ta miƙe. Ta shiga ta kwaso su, ta shimfiɗa su a kan tabarma ɗaya kusa da ɗaya, ta ce, “Baban Tizhe, ni ban san aikinku ba. Amma me ya sa duk ukun gefe ɗaya suka cinye?”

Na duƙa na duba. Gefe ɗaya ne kuwa, zare ya fito musu duka, kuma duk suna da danƙon mai. Na koma na zare fuli na gaba, wato faifan ƙarfen da bel yake gudu a tsakaninsa, sai ga shi ya yi kwari, gefen kwarin da kaifi yana yankar bel. A bayansa kuma robar da ke tare baƙin mai ta tsage, mai yana tsatsowa kaɗan kaɗan. Shekara nawa ina wannan aiki, matar da ba ta taɓa riƙe sifana ba ta nuna mini hanya da igiyar ɗaure itace. Sai da na koma kasuwa na ba bawan Allah nan haƙuri, a gaban mutanen da na yi masa tijara. Ya karɓa, har ya sayo mini kunun zaƙi. Mamanki kuwa ba ta taɓa yi mini gori a kai ba, sai dai in na cika baki a gida ta ɗan kalli ƙusar nan ta kicin.

Don haka in kin cire tsohon bel, kada ki yi saurin jefarwa, ki zauna ki dube shi da kyau, shi zai gaya miki abin da ya kashe shi. In gefe ɗaya ya cinye, laifin fuli ne, ki shafa fuskarsa da yatsa ki ji ko ya yi kwari. In yana da danƙo, nemi inda mai ke zuba, in ba haka ba sabon ma hanyar tsohon zai bi. In kin lanƙwasa shi kin ga tsaga a tsakanin haƙora, ko wani haƙori ya ɓalle, kwanansa ya ƙare, kada ki ce bari ya kai ƙarshen wata. Baƙar ƙura kaɗan a cikin murfi ba komai ba ce, amma in ta taru kamar an zuba garin gawayi, bel ɗin ne ke narkewa. Sabo kuma yana da kibiya a bayansa, ki sa ta kalli inda taya ke juyawa in ana tafiya gaba. Batun mayo ma mamanki ba ta fita tsaf ba, gaskiya ɗaya ce. In ruwa ya kai murfin, kada ki fito ki ba shi wuta. Ki tsaya a tudu, ki ɗaga shi a kan ƙafarsa ta tsakiya, ki bar injin yana aiki a hankali har ruwan ya tsane.

Yanzu na zo kan wadda ta fi nauyi, kuma ita ce dalilin wannan takarda.

Kina shekara bakwai sanƙarau ya kama ki. Kin tashi da ciwon kai kina kuka, na ce zazzaɓi ne, na sayo ƙwaya a kemis na ba ki, kika yi shiru, na tafi rumfa. Wuni guda na ɓata. Mamanki ce ta ga wuyanki ya sandare, ta goya ki ba ta jira ni ba. Likita ya ce ranki ya tsira, amma kunnen dama ya tafi, na hagu kuma saura kaɗan. Ban taɓa faɗa miki da bakina cewa wunin nan ni na ɓata shi ba. Ga shi na rubuta. Na gode wa Allah da ya bar mana ke, na gode wa mamanki da ta fi ni ido, kuma na gode miki, don kin girma kin san labarin daga bakin wasu amma ba ki taɓa kallona da shi ba.

Tun daga nan na zama mai tsoro a kanki, kuma na riƙa kiran tsoron nan kulawa. Yayanki Tizhe na yi ta ja zuwa rumfa, shi kuwa ko ƙamshin fetur ba ya so, ga shi can Yola yana koyarwa. Ke da kike zuwa da kanki bayan makaranta, sai in ba ki kujera in ce ki zauna nesa da wuta. Ina ganinki kina ɗora tafin hannu a kan kowane injin da aka tayar, ko a shekarun da aka hana hawa mashin a gari muka koma gyaran keke da injin niƙa. Na ɗauka wasa kike yi. Ni a wurina bakanike kunne ne, haka Malam Buba ya rene ni, haka mutane suka san ni. Mutum zai shigo layi, tun bai kashe mashin ba in gaya masa abin da ke damunsa. Ban taɓa tsayawa na tambaye ki abin da hannunki ke gaya miki ba.

Sai ranar Asabar waccan. Kin turo mashin ɗin mamanki rumfa, kika tayar, kika ɗora hannu a kan murfin bel, kika ce, “Baba, akwai abin da ke bugawa a gaba. Rola ne, ba ɗaya ba. Bel ɗin ma yana dukan murfi.” Na kara kunne na saurara, na ce lafiyarsa lau. Kika ce a buɗe a gani. Akwai mutum uku zaune a benci suna jiran aikinsu, sai na ji girmana ya taɓu. Na juya miki baya don kada ki ga bakina, na ce musu yarinyar da ko hon ɗin tirela ba ta ji ita ce za ta koya mini jin rola. Suka yi dariya. Na manta madubin mashin ɗin yana kallona, ke kuma kina kallon madubin. Na ga fuskarki a ciki lokacin da kika gama karanta bakina. Kika zare makulli kika ajiye mini a kan teburin aiki, kika tafi gida a ƙasa.

Masi, na yi kuskure, kuma na ji kunya. Wannan magana ba ta dace da bakin kowa ba, balle na ubanki. Ki yafe mini.

Ban buɗe murfin a ranar ba, taurin kai bai bar ni ba. Sai ranar Talata da rumfa ta yi shiru na kwance. Cikin rola shida, 'yan ƙananan tayoyin nan da ke birgima cikin fuli na gaba, uku sun goge sun yi gefe kamar an fere su da wuƙa. Bel ɗin ya saki, ya sirance, ga sawun inda yake dukan murfi ya yi fari tas. Da kin hau shi a haka, ban ce zai kai ki Uba ba. Duk abin da kika faɗa haka na tarar, ba ragi. Na zauna a kan benci na daɗe, ina dariya ni kaɗai, hawaye kuma na zuba. Ashe shekarun nan da nake ba ki kujera, ƙwararren bakanike nake zaunarwa.

Ga abin da na yanke. Ki tafi da mashin ɗin. Mamanki ta yarda tun tuni, ni ne dama na tsaya a hanya. Na sa sabbin rola da sabon bel, na wanke kuloci na goge masa ƙura. A ƙarƙashin kujera akwai wani bel ɗin sabo a naɗe cikin tsumma, da sifanun da za ki buƙata, da wani ɗan guntun ƙarfe da na yanka masa baki. In gefen faɗin bel ya shige bakin nan cikin sauƙi, ya sirance ke nan, ki canja. Kada ki naɗe na ajiyar da ƙarfi, kuma kada ki bar shi a rana.

Abin da zan iya ƙara miki kaɗan ne, tunda hannunki ya riga kunnena. Kowace safiya kafin ki hau, ki ɗora tafin nan naki a kan murfin kamar yadda kika saba, ki san yadda yake in yana lafiya, don ranar da ya canja ki gane. In kin ji yana fizga a ƙafafunki lokacin tashi, yawanci ƙura ce a kuloci, a buɗe a share. In kin ji injin yana ƙara ƙarfi a jikinki amma gudun bai ƙaru ba, musamman a hawa, bel ne ke sulɓi, ki sassauta totur ki sauka gefe. In hancinki ya kama ƙaurin roba, ki tsaya nan take ko da asibitin kike hangowa. Gara a ce kin makara da a ce an ga mashin a gefen hanya. Kuma in kin kai shi wurin wani bakanike a Uba, ki tsaya a kansa har ya gama. In kin ga ya miƙa hannu wajen sabulu, ki ce babanki ya riga shi yin wannan.

Tsoron bai tafi ba, ba zan yi miki ƙarya ba. Manyan motocin hanyar Maiduguri ba su san 'yar kowa ba. Na cire ƙananan madubin na sa miki manya guda biyu, ki mai da su kunnuwanki, ki riƙa leƙa su kamar mai jiran baƙo. Ki bi gefen hanya, ki sa hular kwano ko da zafi ya kai yaya, kuma kada magariba ta same ki a jar hanyar nan. In an yi ruwa mayo ya cika, ki kwana inda kike, Anti Kwanye za ta fahimta. Amma na gane cewa tsorona nawa ne, ni ya kamata in ɗauke shi, ba ke za ki biya shi da tafiyar ƙafa ba.

Saura abu ɗaya, kuma ke ce ta farko da zan faɗa wa. Na yi ta tambayar kaina yadda aka yi rola uku suka mutu a gabana ban ji ba, ni da nake jin noti ɗaya in ya saki. Ranar Alhamis na ce wa mamanki zan je sayen kaya, na wuce asibiti aka gwada ni. Shekarun da na yi kaina a jikin injin sun karɓi rabonsu. Sirarin sauti sun riga sun tafi a kunnuwan biyu, kuma an ce abin gaba zai yi, ba baya ba. Wata biyu ke nan ina cankar ciwon mashinan mutane ina dacewa, wani lokacin kuma ba na dacewa, sai in ce kayan gyaran yanzu ne ba su da kyau. Ranar Asabar ɗin nan ba ke nake yi wa dariya ba, Masi. Na kara kunne ban ji komai ba, kuma na san ya kamata in ji.

Ban san wata sana'a ba bayan wannan, kuma ban shirya zaman gida ba. Don haka ina roƙonki, in kin samu hutun farko ki zo rumfa. Ki kama hannuna ki ɗora inda kike ɗora naki, ki gaya mini abin da zan nema, tun daga farko, yadda ake koya wa sabon shiga. Zan zauna a inda kika ce in zauna.

Ubangiji ya kiyaye fitarki da shigarki. Ya tsare ki daga sharrin hanya da na ƙarfe, ya sa hannunki ya zama albarka ga marasa lafiyar da za ki yi wa aiki, ya haɗa ki da mutanen kirki. Ki gaishe mini da Anti Kwanye da maigidanta. Ya dawo mana da ke lafiya, ya kuma ba ki haƙurin koyar da tsoho mai taurin kai. Amin.

Ni ne babanki,
Tumba